A Bar Gwaggo Ƙamshi Ta Huta

Kafin rana ta leƙo ta saman katanga, Gwaggo Ƙamshi ta riga ta share kicin, ta tankaɗe fulawa, ta zauna tana ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa a kunne, don tun wani abu da ya taɓa haɗa ta da mai ƙwai ba ta ƙara yarda da shi ba. Bota na cikin kwano a bakin taga ana jiran ta saki. A tsakiyar ɗakin kuwa ga bahon kwaɓi, ƙaton baho wanda za a yi wa yaro wanka a ciki har ya samu wurin wutsil-wutsil. Sai ta leƙa ɗakin Iya, tsohuwarsu, ta gyara mata bargo, ta dawo ta naɗe hannun riga, ta yi bismillah, ta nutsa hannu cikin fulawa.

Ba za ta gama fasa ƙwai ba wayar da ke kan firji za ta fara kuka.

"Yaya, kin tashi lafiya? Yara fa jibi za su koma makaranta." Wannan ƙanwarta ce. Ba ta ambaci biskit ba, don ba sai ta ambata ba.

"Gwaggo, abokan aikina sun ce kek ɗin ranar nan bai ishe su ba." Wannan kuma ɗan wanta ne, wanda ya kwashi rabon gidansu ya kai ofis yana neman suna da gumin wata.

Gwaggo za ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannu dumu-dumu da kwaɓi, ta ja tsaki mai tsawo ta ce, "Ni inji ce? Ku mutanen gidan nan ba ku da tausayi ko kaɗan. Wallahi wannan karon ba da ni ba." Sai ta kashe wayar, ta ɗebo wani kwanon fulawa ta ƙara a baho.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana haka.

Ku lura, jama'a, ba sana'a take yi ba. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida, ko guntun biskit ba ta taɓa sayarwa ba. Dangi kawai take yi wa. Amma fa irin dangin nan ne da in suka taru a gidan Iya lokacin hutu, takalman da ke ƙofar falo kaɗai sun isa a buɗe kanti. Iya ta haifi tara, taran nan babu wanda ya yi ƙwauron haihuwa, yanzu kuma 'ya'yansu sun ɗora daga inda suka tsaya. Duk bakin nan, da wanda haƙori ya fara fito masa da wanda haƙori ya gama zube masa, Gwaggo suke kallo.

Laifin kuwa kek ɗaya ne. Bayan rasuwar mijinta, yaranta sun girma sun kama gabansu, sai ta dawo gida don ta kula da Iya. Ranar da ɗan Yaya Babba, wato babban wansu, ya gama firamare, ta ce bari ta ɗan gasa masa wani abu ya ji daɗi. Da kek ɗin nan ya ƙone, da yau tana zaune lafiya da hannuwanta. Bai ƙone ba. Yaya Babba ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Ashe muna da wannan a gida muke wahalar zuwa kanti?" Shi ke nan. Ba a yi shawara da ita ba, ba a tambaye ta ba, aka naɗa ta.

Yara ne suka sa mata Gwaggo Ƙamshi, don kafin ka gan ta hancinka ya sanar da kai ta iso. Zanenta bota, gyalenta kirfa, jakarta ma in ta buɗe sai ka ji yunwa.

Ke ce, Gwaggo, kike riƙe da bakin kowa a kanki. Kin san jikan da gyaɗa ke kumbura wa fuska, kin ware masa tire da cokalinsa daban. Kin san surukin da ciwon suga ya kama yana ɓoyewa, kina yi masa nasa da ɗan sukari kaɗan ba tare da kin tona shi ba. Kin san mai son biskit ya yi ƙaras-ƙaras da mai son ya yi laushi, da wadda in ta ga kwakwa a cikin abu sai ta ture faranti kamar an zage ta. Uwar bokitai, mai cika cikin da ba ke kika haifa ba. Su kuwa, a tambaye su wane iri kike so a cikin abin da kike gasawa, a ga in akwai mai amsa.

Bokitan ma abin magana ne. Masu murfi take zubawa, ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta jera donat a nasu, biskit a nasu, ta rufe ruf don kada iska ta shiga. Bokiti ya fita daga gidan nan, to ya yi bankwana. Ta taɓa zuwa gidan ƙanwarta ta tarar da nata an jiƙa wanki a ciki. Ta ga wani a gidan Yaya Babba an huda gindinsa an shuka fure. Da ta yi magana, cewa aka yi, "Haba Gwaggo, a kan bokiti?"

Sannan ga masu gyara. Mutumin da bai taɓa fasa ƙwai ba shi ne zai cika baki da donat, sukari har gemu, ya ce, "Na wancan karon ya fi tashi." Gwaggo za ta ce, "To ajiye mana." Ba a taɓa samun wanda ya ajiye ba.

Amma akwai abin da ba kowa ya sani ba, sai waɗanda suka gani da idonsu. Shekarar da Auta, ƙaraminsu, ya rasa aiki, ya shiga ɓoye-ɓoye, yana fita da safe da takalmi a goge kamar mai zuwa ofis, Gwaggo ba ta ce masa uffan ba. Bokitin gidansa ne kawai ya ƙara nauyi. Matarsa ita ta ba da labari: a sama biskit ne kamar na kowa, in ka ɗaga takarda kuwa burodi ne jere, mai kauri, wanda zai kai yara mako suna karyawa da shi. Da matar ta kira za ta yi godiya, Gwaggo ta katse ta: "Kwaɓi ne ya yi mini yawa, na rasa yadda zan yi da shi. Ki dai dawo mini da bokitina." Haka kwaɓi ya yi ta yi mata yawa har Auta ya samu wani aikin.

Sai kuma Iya. Tsufa ya cinye mata haƙora, ya fara cin tunaninta, har ta kai ba ta gane 'ya'yanta. Gwaggo ma "yarinyar nan mai kirki" take kiranta. Abinci kuwa ta yi faɗa da shi. In aka kawo, ta datse baki ta juya wa bango fuska. Abu ɗaya take karɓa: wani ɗan kek mai laushi da Gwaggo ke goga wa ɓawon lemun tsami, ta tsoma a shayi ta ba ta a baki. In ta karɓi wannan, to a bayansa ana iya lallaɓa ta ta sha romo, ta haɗiyi magani. Duk hidimar da ake ciki, ko bokiti nawa ke jira, ɗan gwangwanin kek ɗin Iya shi ke fara shiga wuta.

To, ga tanderun da ake wannan aiki da shi. Na gas ne, ya tsufa, ƙofarsa ta saki tun ba yau ba. Gwaggo kujerar ƙarfe take tokare ta da ita. In za ta fitar da tire, sai ta ja kujerar da ƙafa, ta tare ƙofar da gwiwa, ta sunkuya da tsumma a hannu. Duk wanda ya shiga kicin ya gani. Yaya Babba ya fi kowa gani, don duk zuwansa sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai haɗari ne. Gobe zan turo mai gyara." Goben nan ta ga yaye, ta ga kammala karatu, ta ga auren yaran da aka haifa bayan an fara yin ta.

Ga shi kuma wuyan hannunta na dama ya daɗe yana yi mata gargaɗi. Da safe yatsun sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Ta ɗaure wurin da ƙyalle, wanda ya tambaya ta ce ado ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, hutu ya zo ƙarshe, gidaje da yawa na jiran guzurin 'yan makaranta. Ta ja kujera, ta tare ƙofa, ta ɗauko tire cike da biskit, sai hannun ya ƙi. Yatsun suka buɗe da kansu. Ta kai ɗaya hannun za ta tare, gwiwa ta goce, ƙofar mai zafi ta faɗo mata a kan dantsen dama. Maƙwabciya ce ta ji ihun, ta shigo ta same ta zaune a ƙasa cikin biskit, ta riƙe hannu, tana cewa, "Kashe gas ɗin tukuna, kashe gas ɗin."

A asibiti, ma'aikaciyar jinya na cikin wanke ƙunar, Gwaggo ta cije leɓe, sai ga waya. Matar Auta ce. Maƙwabciyar ta kara mata a kunne.

"Anti, sannu! Yanzu nake ji. Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba da lafiya." Sai ta sassauta murya. "To... wanda kika riga kika gasa ɗin, yana nan, ko duk ya zube?"

Ma'aikaciyar jinyar ta dakata da auduga a hannu, ta kalli wayar, ta kalli Gwaggo. Abin haushin shi ne, Gwaggo amsawa ta yi. "Akwai bokiti biyu a sito, na bayan ƙofa naku ne."

Likita da ya zo ya duba ƙunar ya ce wannan za ta warke. Sai ya kama wuyan hannun ya danna, Gwaggo ta zabura. Ya ce, "Mama, nan ne matsalar. Jijiyar nan ta gaji. In kika ci gaba da murza kwaɓi, wata rana kofin shayi ma zai gagare ki riƙewa."

"Likita, yara za su koma makaranta."

"Su koma da littattafansu."

Aka dawo da ita gida da hannu a rataye. Dangi suka yi ta sintiri da lemo da ayaba, ana ta "sannu" ana leƙen sito. Mai gyara kuwa ranar ya zo. Gyaran da aka yi shekaru ana alkawarinsa, mutumin ya gama shi kafin shayin da aka zuba masa ya huce.

Ba a ankara da babbar matsalar ba sai washegari, da aka kai wa Iya karin kumallo ta datse baki. Yaya Babba ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya aika kanti mafi tsada aka sayo kek a kwali mai ƙyalli. Iya ta shinshina ta ture. "Sabulu ne," in ji ta. Aka sayo na wani wurin, ta tofar a zane. Ƙanwarsu ta gwada gasawa a gidanta ta kawo, Iya ko kallo bai ishe ta ba. Tun ana dariya har aka daina. Babu kek, babu romo, babu magani. Ruwa kaɗai take kurɓa. Leɓunanta suka bushe, idanu suka faɗa, ta kwanta tana kallon ƙofa tana tambaya ina yarinyar nan mai kirki, alhali yarinyar na zaune a gefenta da hannu a naɗe.

Da rana ta uku ta yi, Yaya Babba ya shigo gidan yana waya da wani likita a kan ko a kwantar da Iya a sa mata ruwa. Sai ya ji ƙarar cokali daga kicin. Ya leƙa. Gwaggo ce zaune a kan 'yar kujera, ta matse kwano tsakanin gwiwoyi, tana ƙoƙarin juya bota da hannun hagu. Kwanon na zillewa, ƙwai ɗaya ya fashe a ƙasa, tana hawaye, ba na ciwo ba, na takaici.

"Me kike yi haka?"

"Rawa nake yi, Yaya. Ba ka gani?"

Ya tsaya. Mutum ne da ya haura sittin, bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba. Ya kashe wayar, ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ba ni. Ke faɗa mini kawai."

Wanda bai ga wannan rana ba an yi ba shi.

"Juyawa na ce, Yaya, ba duka ba. Me botar ta yi maka?"

"To ai juyawar nake yi."

"Gefe ɗaya! Kana zuwa kana dawowa kamar mai neman hanya. Sai ta yi fari ta yi sauƙi."

"Ai ta yi fari."

"Idonka ne ya yi fari. Ci gaba."

Ya fasa ƙwai har da ɓawo, aka tsaya tsincewa. Ya goga lemun tsami har da yatsa. Ya buɗe tanderu yana leƙe tun kek bai tashi ba, Gwaggo ta kai masa duka da tsumma. Na farko ya fito kamar bulo. Wanda ya biyo baya ya tashi da kyau, ya kuma zauna a tsakiya kamar an taka shi. Gumi ya jiƙa masa riga, fulawa har gira, yana huci, ita kuma tana zaune tana tsaki tana cewa da hannunta lafiya da tuni an manta. Sai da la'asar aka samu wanda ta latsa da yatsa ya dawo, ta ce, "To, kai mata."

Shi ya kai. Ya durƙusa gaban gado, ya gutsura ya tsoma a shayi, ya kai mata baki. Iya ta shinshina. Ta daɗe tana shinshinawa. Sai ta buɗe baki. Ta mamula a hankali, ta haɗiye, ta ƙura masa ido, shi da ta daɗe ba ta gane shi ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Iya."

"Ka cika sukari," in ji ta. Ta sake buɗe baki.

Ya ba ta har ya ƙare, ta sha romo, ta karɓi magani. Ya fito tsakar gida ya zauna a kan dakali yana matsa kafaɗa. Can ya ɗago ya dubi Gwaggo.

"Haka kike yi kullum?"

"Wannan ai na mutum ɗaya ne, Yaya."

Ranar hutun mako ya tara kowa a falon Iya, ya yi jawabi kamar shi ya gano abin. Ya ce daga yau Gwaggo ta ajiye aiki. Kowane gida ya nemi abin da zai ba 'ya'yansa. Kek ɗin Iya kuwa za a riƙa karɓa-karɓa, Gwaggo na zaune tana koyarwa, kuma shi ne na farko a layi. Aka yi ta gyaɗa kai. Auta ya ji abin ya taɓa shi, ya miƙe ya ce ai bai kamata a sallame ta haka kawai ba, a haɗa mata 'yar walima, a kira kowa da kowa, a gode mata a gaban jama'a. Aka ce madalla. Aka sa rana, aka raba wa zai kawo kujeru, wa zai kawo lemo.

Sai wata daga cikin surukai ta ce, "To, kayan ciye-ciyen fa, wa zai yi?"

Aka dubi juna. Kuma Allah shi ne shaida, kawunan nan duka, har da na mai jawabi, suka juya wuri ɗaya.

Gwaggo ta ɗaga hannun da ke naɗe ta nuna musu, kamar mai nuna wa yaro wata. "Ku kalle shi da kyau," ta ce. "Walimar tawa ma ni zan toya?"

An dai yi walimar. 'Yan matan gidan da samarin suka kwana biyu suna fama a kicin, suka fito da donat masu siffa iri-iri, wasu kamar zobe, wasu kamar kunne. Aka zaunar da Gwaggo a kujera mai laushi, aka yi ta yabo, tana ta murguɗa baki tana cewa gefen biskit ɗin ya ƙone. Ana tsakiyar jawabin Yaya Babba aka duba kujerar babu kowa. Ina Gwaggo? Aka same ta a kicin, ta sa wata jika tana riƙe mata leda, tana ware wa yaron nan mai matsalar gyaɗa nasa da hannun hagu, don ta lura an haɗa tiren wuri ɗaya, kuma duk taron nan babu wanda ya tuna sai ita.

To, Gwaggo, ya za a yi da ke? Ke ma fa kina da naki. Ke kika saba musu. Bakinki na cewa ba za ki yi ba, hannunki na auna fulawa. Kin yi faɗa, kin yi tsaki, kin rantse, kuma ba a taɓa samun yaron da ya koma makaranta da jaka wayam ba. Ke ce kika ciyar da gidan ƙaninki ba tare da kin sa ya sunkuyar da kai ba. Ke ce kika riƙe ran Iya da ɗan gwangwani ɗaya, ita kuwa ko sunanki ba ta tunawa. An gode, Gwaggo. An gode da zafin da kika sha a gaban wuta, da tabon da ke dantsenki, da duk safiyar da kika ba wasu. Allah ya saka miki da alheri, ya warkar da hannun nan, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi wa mutane.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane gida akwai irinta, mace ko namiji, wanda in an taru shi ne a tsaye kowa na zaune. Ku yi koyi da ita wajen kula da mutane, amma kada ku yi koyi da danginta wajen jira sai an je asibiti. Ku shiga kicin ɗin, ku karɓi cokalin, ku ji nauyinsa. Abin da ya lalace ku gyara yau.

Ke kuwa Gwaggo, saura aiki ɗaya ya rage miki, kuma shi ne mafi wuya. Nan gaba kaɗan ƙunar za ta warke, a cire bandeji, wani zai zo ya zauna kusa da ke da murya mai daɗi, ya tambayi jiki, ya ce ɗan kaɗan ne, na yara ne, sau ɗaya ne. Ki dube shi ki ce a'a, ki kuma tsaya a nan. Kalmar gajeriya ce, kuma ba da wuyan hannu ake faɗin ta ba.